DAGA BAKIN KUSUGU: Tsohon kiɗa a kashi na biyu, take ne ko lalaci?

Ina gaida 'yan kallo na Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure, da 'yan'uwanmu na tsallaken Kwangwalam, mutanen Magarya da Matamaye da Damagaram, waɗanda tun zamanin kaset ba a bar su a baya ba wajen kallon finafinan Hausa. Allah ya bar zumunci, amin.

A wannan watan maganar kiɗa za mu yi. Musu ne da ya daɗe yana tashi a majalisun samari da ɗakunan 'yanmata, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Ga yadda abin yake. Fim ya fito, ya karɓu, waƙarsa ta zaga gari, yara na rera ta a hanyar makaranta, ana saka ta a gidan biki. Sai furodusa ya ce ga kashi na biyu nan tafe. Ka ƙagu, ka samo shi, ka zauna ka gyara zama. Ana zuwa wurin waƙa sai ka ji kiɗan nan dai na kashi na farko, an ɗan sauya masa baitoci, an sauya wa yarinya leshi, an koma wani lambun. To, an kyauta maka ko an cuce ka?

ƁANGARORI UKU

Idan ka saurari masu wannan musu da kyau za ka ga sun kasu uku.

Na farko su ne masu cewa an ci da guminsu. Hujjarsu ita ce, kuɗin sabon fim suka biya, ko na kaset ne a da, ko na data ne a yanzu, don haka sabon abu ya kamata a ba su. A wurinsu furodusan da ya maimaita kiɗa mai gudun kashe kuɗin sutudiyo ne kawai, ya ɗumama tuwon jiya ya kawo a sabon kwano. Waɗannan su ne masu zafi, kuma yawancinsu samari ne masu kunnen kiɗa, waɗanda da an taɓa fiyano sau biyu sun gano inda aka dosa.

Na biyu su ne masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Su ba su ga laifi ba ko kaɗan. Hasali ma idan kashi na biyu ya zo babu ɗuriyar kiɗan farko, sai su ji kamar an kai su wani gida daban. Kiɗan ne ke tuna musu da abin da ya wuce tsakanin jarumi da jarumar, shi ke sa tsikar jikinsu ta tashi tun kafin a buɗe baki.

Na uku kuma 'yan ba-ruwanmu ne. In dai waƙa ta yi daɗi, rawa ta tafi daidai, su shi ke nan. Ko daga ina aka ɗauko kiɗan, ko sau nawa aka yi amfani da shi, wannan matsalar 'yan jarida ce da masu sharhi.

Ni a ganina na farko da na biyu kowanne ya riƙe rabin gaskiya, amma duk sun tsaya a kan tambayar da ba ita ce ba. Kafin in faɗi dalili, bari in kai ku Landan, domin irin wannan rigimar ta taɓa tashi a can, kuma a kan ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na duniya.

ABIN DA YA FARU A LANDAN

Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake ba da labari da waƙa. 'Yan wasa suna gaban jama'a ido da ido, su ke rera waƙoƙin da bakinsu, makaɗa kuma suna zaune a ƙasan dandamalin suna kiɗa nan take. Babu mamin, babu yanke a sake. Uban tafiya a wannan harka a Ingila shi ne Andrew Lloyd Webber.

A watan Oktoba na 1986 ya fito da wasansa mai suna The Phantom of the Opera. Labarin wani gwanin kiɗa ne mai tabo a fuska, yana rufe ta da abin rufe fuska, yana ɓoye a ƙarƙashin wani babban gidan waƙa a birnin Faris, ya kamu da son wata matashiyar mawaƙiya mai suna Christine. Wasan ya yi tashen da ba a saba gani ba. A birnin Niyok kaɗai an yi ta nuna shi daga 1988 har zuwa Afrilu 2023, shekara 35 ke nan.

Sai a ranar 9 ga Maris, 2010, aka buɗe kashi na biyu a gidan wasa na Adelphi da ke Landan, da sunan Love Never Dies, wato so ba ya mutuwa. A cikinsa an ce shekara goma sun wuce, gwanin kiɗan nan ya gudu Amurka, ya kuma yi dabarar janyo Christine don ta rera waƙa guda ɗaya tak da ya tsara mata. Duk labarin a kan wannan waƙar ya rataya. Za ta rera ko ba za ta rera ba? Waƙar ita ce mai ɗauke da sunan wasan.

To fa, a nan gizo ke saƙar. Da aka rera waƙar, masu kunne suka ce ai mun san wannan. Kuma gaskiyarsu. A 1998, wajen bikin cikar Lloyd Webber shekara 50 a babban ɗakin taro na Royal Albert Hall, shahararriyar mawaƙiya Kiri Te Kanawa ta rera wannan karin da wasu baitoci daban. Bayan nan, a shekarar 2000, ya ɗauki karin ya saka a wani wasan nasa mai suna The Beautiful Game, labarin wasu matasa 'yan ƙwallon ƙafa a birnin Belfast lokacin rikicin Arewacin Ayalan. Can ma da wasu baitocin. Wato kafin 2010 karin ya riga ya sa riga biyu, wannan ce ta uku.

Masoya suka rabu kamar yadda namu suke rabuwa. Masu suka suka ce ta yaya za a gaya mana cewa wannan waƙa ce da masoyi ya tsara wa mace ɗaya a duniya, alhali mun ji ta a bakin budurwar ɗan ƙwallo shekara goma da suka wuce? Masu kare shi suka ce a bi tarihi. Tun a 1998 ɗin saboda kashi na biyu na Phantom aka tsara karin, da aikin ya tsaya ne ya ba da aronsa ga wasan 'yan ƙwallo, wanda bai ma cika shekara guda ana nuna shi ba. Saboda haka kiɗa ne ya dawo gidan ubansa. Ban da haka, kayansa ne, bai saci na kowa ba.

An rufe wasan a Landan a watan Agusta na 2011, bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Dalilan suna da yawa, daga cikinsu akwai yadda aka juya halayen mutanen labarin, abin da ya ɓata wa masoyan kashi na farko rai. An yi masa gyare-gyare aka sake buɗe shi a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 2011, kuma wannan ne aka ɗauka a faifai.

Abin lura a nan shi ne, a cikin Love Never Dies akwai guntayen kiɗa da aka ɗauko daga kashi na farko, waɗanda ke leƙowa idan ana tuna baya. Wannan abu ne da duk mai kallon ci gaban labari yake sa ran ji. Wanda ya tada ƙura shi ne karin da ya je ya yi zaman aro a wani labarin, sannan aka dawo da shi aka ce sabo ne fil.

MU DAWO GIDA: MENE NE TAKE?

Mu nan ƙasar Daura ba ma buƙatar Bature ya koya mana wannan darasi, domin muna da kalmar da ta ƙunshe shi tun kaka da kakanni. Kalmar ita ce take.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko hawan Gani a Daura ya san cewa tun kafin ka hango rawani, kunnenka ya gaya maka wanda ke tafe. Tambari da kakaki na Sarki ne. Masu sarauta kowa da irin kiɗan da ake yi masa. A cikin gari ma haka abin yake. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Ɗan dambe yana da takensa, wanda da an kaɗa shi za ka ga jikinsa ya ɗau tsuma ko da yana bayan fage. A da, a dandalin kalangu, saurayi ko budurwa kan sa a yi musu take, a riƙa kaɗa musu shi duk ranar da suka shigo.

Shin akwai wanda ya taɓa ƙorafin cewa taken bana irin na bara ne? Babu. Amfanin take ke nan, ya zauna yadda yake don a gane mai shi. In aka canza shi kowace shekara ya tashi daga take. Amma a gwada kaɗa wa wani taken da ba nasa ba a bainar jama'a, a ga yadda fage zai hargitse. Take yana da mai shi.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata mu ɗora kiɗan fim a kai. Idan a kashi na farko an yi wani kiɗa lokacin da saurayi da budurwa suka fara haɗuwa, wannan kiɗan ya zama takensu. In a kashi na biyu an raba su, tana gidan wani, shi yana can yana fama, sai aka sako kiɗan nan a hankali, da sarewa kaɗai, babu ganga, wallahi ko darakta bai sa an ce uffan ba ɗan kallo ya gama fahimta. Kiɗan ya yi aikin da shafi biyar na magana ba za su yi ba. Wannan gwaninta ce, kuma masu cewa da tsohuwar zuma ake magani a nan suke da gaskiya.

Amma in aka ɗauki wannan kiɗan aka ba wa wasu masoyan daban, ko aka saka shi a wurin da babu abin da ake tunawa, don kawai a cike minti bakwai na rawa, to an kaɗa wa wani taken da ba nasa ba. A nan masu cewa an ci da guminsu su ne da gaskiya.

DARASIN SHATA

Ga wani misali da ke kwance a cikin garin nan namu. Marigayi Dakta Mamman Shata, wanda ya rasu a watan Yuni na 1999, a Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Duk mai sauraren Shata ya san Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Ya yi ta a lokuta daban-daban, a wurare daban-daban. Kalangu ɗaya, amshi ɗaya, amma duk zama da abin da zai ƙara, da wanda zai tsokana, da sabon kirarin da zai yi wa kansa. Masoyansa har musu suke yi a kan wacce ta fi. Ba ka taɓa jin an ce Shata ya ƙare da ya maimaita Bakandamiya, domin taken kansa ce, kuma duk dawowar da za ta yi da sabon kaya take dawowa.

A rubutacciyar waƙa ma aron kari tsohuwar al'ada ce. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, kiɗan da jama'a suka riga suka sani a dandali, ya mayar da shi abin wa'azi da begen Manzon Allah (SAW). A Kano kuma an yi ƙungiyar masu bege da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su zuba yabon Annabi a kai. Su waɗannan ba su ɓoye ba, sunansu ma ya faɗi inda suke ɗaukowa. Mai sauraro ya san abin da ake yi, kuma daɗin abin a wurinsa shi ne jin yadda aka juya karin da ya sani zuwa wata manufa.

Wato dai kunnen Bahaushe bai taɓa ƙin maimaici ba. Abin da yake ƙi shi ne a raina masa hankali.

SANGAYA DA 'YA'YANTA

Yanzu mu shigo industiri. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ake yin fim na bidiyo a Kano, amma kiɗan fim kamar yadda muka san shi ya kankama ne bayan da fiyano kirar Yamaha ta shigo sutudiyo irin su Iyan-Tama a tsakiyar shekarun 1990. Da wannan na'ura mutum ɗaya zai fitar da amon ganga da sarewa da bandiri ba tare da ya tara makaɗa ba.

Sai Sangaya na kamfanin Sarauniya ya zo a daidai shigowar shekarar 2000, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja ragama, muryar Misbahu M. Ahmad kuma ta shiga kowane lungu. Sirrin kiɗan Sangaya shi ne na'urar Bature ce ta yi shi, amma kunne yana jin amon gida. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Furodusoshi suka yi ta tururuwa sutudiyo, kowa yana son a yi masa irin na Sangaya. Aka wayi gari finafinai barkatai, labarai daban-daban, amma kiɗan kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

Kun ga wannan ya ma fi na Lloyd Webber muni. Shi nasa ya ɗauka ya mayar wani wuri. Mu kuwa taken Zubaina aka ɗauka aka yi ta rabawa kamar goron biki, har ya zama ba na kowa ba.

Ga kuma uwa-uba, wanki. Wannan ita ce kalmar da 'yan fim da kansu suka raɗa wa ɗaukar fim ɗin Indiya a mayar da shi Hausa, wani lokaci har da karin waƙoƙinsa. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu mai yawa a kan wannan, inda aka nuna misalai kamar Khusufi da ya samo asali daga fim ɗin Taal na 1999. Abin mamaki, sau da yawa saurayin da ke kumfar baki don an maimaita kiɗan kashi na ɗaya a kashi na biyu, shi ne kuma ke rawa da karin da aka kwaso daga Mumbai ɗungurungum bai ce komai ba. Malam, in za ka yi faɗa, ai ka fara da babban.

Yau zamani ya juya, kaset da faifan CD sun kau, finafinai masu dogon zango sun karɓi fage a talabijin da YouTube. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya faro a 2015, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka zo a 2020. Duk mako da kiɗan buɗewa ɗaya ake farawa, kuma ba wanda ya ce a canza. Yaro yana tsakar gida, da ya ji kiɗan ya san an fara, ya sheƙo da gudu. Take ke nan. Matsalar tana nan dai inda take tun da: sabon zango ya zo, an kawo sababbin masoya, sai a ɗora musu kiɗan baƙin cikin waɗanda suka gabata don babu kuɗin komawa sutudiyo.

SU INDIYAWAN YAYA SUKE YI?

Tunda su muke kallo, bari mu duba yadda suke yi idan sun zo kashi na biyu. Fim ɗin Dhoom ya fito a 2004, na biyu a 2006, na uku a 2013. Ɓarawon da ake farauta yana canzawa, daga John Abraham zuwa Hrithik Roshan zuwa Aamir Khan, amma kiɗan taken yana nan. Sai dai duk fitowa an sake masa ado, an sake murya, an sake nauyin ganga, sauran waƙoƙin kuma sababbi ne. Taken na fim ɗin ne gaba ɗaya, shi ya sa ya bi shi duk inda ya je.

Da aka sake yin Don a 2006 da Shah Rukh Khan, an dawo da wasu waƙoƙin Don na Amitabh Bachchan na 1978 a fili, kowa ya san gaisuwa ce ake miƙa wa na farko. Shi kuwa Aashiqui 2 na 2013 wata hanyar ya bi. Duk da cewa waƙoƙi ne suka ɗaga Aashiqui na 1990, sai aka yi sababbi, kuma a nan ne muryar Arijit Singh ta fito duniya ta san shi. Da sun tsaya ɗumamen tsohon, da wataƙila ba a samu wannan ba.

Hanya uku ke nan, kuma dukkansu sun yi kasuwa: a riƙe take a sake masa ado, a dawo da tsohuwa a faɗa a fili, ko a yi sabo gaba ɗaya. Wadda babu a ciki ita ce a kawo tsoho a rantse sabo ne.

INA HAƘƘIN MAI KIƊAN?

Akwai wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba a wannan musu, alhali shi abin ya fi shafa. Shi ne yaron da ya kwana a sutudiyo yana taɓa fiyano, da mawaƙin da ya rubuta baitocin, da yarinyar da ta rera. A zamanin kaset al'adar ita ce a biya su sau ɗaya a sallame su. Jarumi ya hau waƙar ya yi mamin, hotonsa ne a kwali, shi ake nunawa a titi. Idan furodusa ya sake amfani da kiɗan a kashi na biyu da na uku, ya sake cin kasuwa da shi, mai kiɗan fa? Sau da yawa ko sannu.

Ya kamata matasan da ke shiga wannan harka su san cewa doka tana tare da su. A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa. A ƙarƙashinta, kiɗa da waƙa suna da kariya tsawon rayuwar wanda ya ƙirƙira, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ku yi lissafi da Shata: ya rasu 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da masu su har 2069. Duk mai son ɗaukar karinsa ya saka a fim, akwai magada da ya kamata ya nema.

Saboda haka ƙanina mai fiyano, ƙanwata mai murya, kafin ku miƙa aiki ku zauna da furodusa a rubuta a takarda. Fim ɗaya aka saya wa kiɗan ko har da abin da zai biyo baya? In za a maimaita, nawa ne naku? Za a sa sunanku a rubutun ƙarshe? Kunya ba ta biyan kuɗin haya. Lloyd Webber ya iya yawo da karinsa daga wasa zuwa wasa ne saboda nasa ne, bai sayar da shi a kan kuɗin cefane ba.

TAMBAYA UKU KAFIN KA YANKE HUKUNCI

To 'yan'uwa, in kun sake zama kallon kashi na biyu ko sabon zango kuka ji tsohon kiɗa ya leƙo, kafin a fara musu ku yi wa kanku tambaya uku.

Ta farko, taken wane ne? In na mutanen da ke gabanka ne, ko na fim ɗin baki ɗaya, to yana gidansa. In na wasu ne can daban, an yi aron da bai dace ba.

Ta biyu, me ya ƙaru? Shata bai taɓa dawo da Bakandamiya hannu rabbana ba. In kiɗan farin ciki ne ya dawo a lokacin kuka, ko an rage masa gudu, ko an sauya wanda ke rera shi saboda labari ya juya, to an yi aiki. In kuwa yadda yake haka aka kwafo shi, kaya kawai aka canza, to ɗumame ne.

Ta uku, an faɗi gaskiya? An nuna cewa tsoho ne aka dawo da shi, an ambaci mai shi, an biya shi? Ko kuwa an yi talla an ce sababbin waƙoƙi zafafa, ka zo ka tarar da na bara?

Fim ɗin da ya haye waɗannan ukun, ni dai ina bayansa ko sau goma ya maimaita. Wanda ya faɗi a ciki kuwa, ku faɗa masa a fili, domin kuɗinku ne da lokacinku. Furodusoshinmu suna jin maganar 'yan kallo fiye da yadda kuke zato, tunda ku ne kasuwar.

Ga kuma kira ga daraktocinmu. Ku riƙa zama da mai kiɗa tun ana rubuta labari, kada a bari sai an gama ɗauka a ce a nemo waƙa uku a cusa. A ba jarumi takensa, a ba muguwar kishiya nata, a ba gidan sarauta nasa. Muna da kotso da taushi da algaita da gurmi da garaya da kukuma, ga masu kaɗa su nan da ransu a ƙauyukanmu, daga Zango har Ɓaure, ba wanda ya neme su. Wanda duk ya fara shigo da su sutudiyo da gaske, ya ba kowane ɗan wasa amonsa, ina tabbatar muku sai an yi shekaru ana kwaikwayonsa kamar yadda aka yi wa Sangaya.

Yanzu saura ku. Wane fim ne aka dawo da tsohon kiɗa a ci gabansa kuka ji har ƙwalla ta zo muku? Wanne ne kuma kuka ji kamar ku nemi a mayar muku da kuɗinku? Ku rubuto mana, ku faɗi fim ɗin da wurin da aka saka kiɗan da dalilinku, ban da zagi, ban da cin mutuncin kowa. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Sai mun ji daga gare ku.